Ni na shirya gidajen da ɗiyar yayata ta yi bincikenta a ciki

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karantawa. Don Allah ku ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, ai ni ma na riga ku zagin kaina.

Abin da nake tsoron rasawa shi ne shaguna biyu na magani, ɗaya a Madawa ɗaya a Buza, da rumfa a kasuwar Tamaske, da masu tebur da ke ɗaukar kaya wajena suna shiga ƙauyuka. Da tire a ka na fara, babu wanda ya ba ni ko allura. Abin da ita za ta rasa shi ne shekara huɗu na aikin doktora da kujerar koyarwa a jami'a. Bari in kira ta Hadiza. Ɗiyar yayata ce, ni na riƙe ta bayan rasuwar uwarta, ni na kai ta lakol har ta karanci ilimin magunguna a Yamai.

Da ta fara bincike kan yadda mutane ke shan magani a gida, wajena ta zo. Ta ce, "Kawu, baƙo ba ya shiga ɗakin mata sai da ɗan gari. Kai kowa ya san ka, ka buɗe mini ƙofofi." Na ji daɗi, na fasa cin kasuwa na ɗauke ta a mota. Aikinta shi ne ta zauna da uwar gida ta ce a fito da kwanon da ake ajiyar magani, a zube komai bisa tabarma, ta duba ta rubuta. Ranar farko, a wani ƙauye gefen Azarori, wata tsohuwa ta juye kwanonta. Ƙwayoyi ne tsirara ba kwali, ja da rawaya, wasu sun narke sun manne da juna. Ina gani na gane su. Nawa ne. Waɗanda kwanan watansu ya wuce nake ɓarewa daga kwali in ba masu tebur su sayar ɗai-ɗai, tunda ƙwaya tsirara ba ta da rubutu. Hadiza ta ce, "Inna, ina kika sayo waɗannan?" Tsohuwar ta dube ni, ta dube ta, ta ce, "Wajen mai tebur, ranar kasuwa."

Tun daga ranar na riƙa riga ta zuwa kowane gari da kwana ɗaya, wai zan gaida mai gari. Sai in tara magidanta in ce, "Gobe ɗiyata za ta zo da takarda. In ta ga ƙwaya tsirara, jandarma za su kwashe tebura, ciwon kai ma sai kun hau amalanke zuwa likita neman ordonansi, takardar sayen magani." Wa zai so haka? Suka ɓoye nasu cikin rumbu, ni kuma na rarraba musu magani mai kwali mai kwanan wata mai kyau, a sa a kwano. Rani uku muna haka, daga ƙasar Madawa har Keita. Ita tana zaune bisa tabarma cikin zafi tana ƙirga abin da ni na zuba da hannuna, tana dawowa mota tana cewa, "Kawu, mutanenmu sun waye fiye da yadda ake faɗi." Ni kuma in ce, "Ai na gaya miki."

Ba zan yi muku ƙarya ba, a lokacin ban ji kunya ba, haushi nake ji. Masu farar riga suna kiran sana'ata farmasin ƙasa, wai maganin da ake bazawa a ƙasa, suna yatsina, amma wanne cikinsu ya taɓa buɗe shago a Babankatami? In yaro ya yi zazzaɓi da damina, hanya ta yanke, wa ke can in ba mai tebur ba? Da wannan maganin da suke rainawa na saya mata littattafai. Haka nake gaya wa kaina. Amma wannan ya sa in sayar da abin da ya lalace? Ya sa in mai da ɗiyata abin dariyar ƙauyuka?

Littafinta ya fito, malamanta sun yi mamaki, domin ya nuna garuruwanmu sun fi sauran wurare tsabtar ajiyar magani. Har wani shirin wayar da kan mata ya tsallake ƙauyukanmu, wai ba mu da buƙata. A shafin farko ta rubuta sunana, ta karanta mini tana hawaye. Yanzu babban malaminta ya ce bayan girbi zai zo da ɗalibai su ga abin da idonsu, kafin a ba ta kujerar. Ta kira ni tana murna: "Kawu, ka gyara motarka, kai ne ɗan jagora." Makon jiya a kasuwa tsohuwar nan ta farko ta tare ni gaban mutane, ta ce, "Alhaji, an ce ɗiyarka na tafe da manyanta. Mu ɓoye kuma, ko wannan karon ka bar mu mu huta?" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Zan iya sake shirya gidajen, na san hanya. Amma ɗalibai da yawa ba za su tsaya inda na tsayar da su ba, kuma in suka juye kwano ɗaya na gaskiya, ba ni za a kira maƙaryaci ba, ita ce. In na gaya mata, na san halinta, da ƙafarta za ta je ta janye littafin, kuma za ta rubuta inda ƙwayoyin suka fito. Na zauna na auna: abin da na tsira da shi shaguna biyu da rumfa, abin da na ci mata shekara huɗu da sunanta, kuma har yau in ta kira ni sai ta fara da yi mini addu'a.

Jama'a, girbi ya kusa. Me zan yi?