Kwanakin da Na Ɓoye wa Likita

Laraba, 6 ga Maris

Sati uku da sa wa Mama gwiwar ƙarfe a Yola. Da safe ina canja mata bandeji na ga ruwa-ruwa a bakin ɗinkin, wurin ya yi ja. Likita ya ce in an ga haka a kira shi. To, Lahadi ce sujadar godiyar Mama a coci, zumuntar mata sun ɗinka anko, dangi na tahowa daga Michika. Na ninka bandeji biyu na yi shiru. Wataƙila zafin gari ne.

Lahadi, 10 ga Maris

Ta shiga coci da ƙafarta, har da 'yar rawa. Kowa sai "Dorathy ta iya jinya". Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Zazzaɓi. Mugunya. Ko taka ƙafar ba ta yi.

Jumma'a, 15 ga Maris

Yola. Likita ya tambayi yaushe ruwan ya fara. Ya ce in kwana ɗaya ko biyu ne, wanke gwiwar za su yi su bar ƙarfen. In ya daɗe, mai yiwuwa a cire shi. Yayana Seth na tsaye a kaina. Na ce jiya. Kai, Dorathy, ƙarya a kan ƙafar uwarki!

An sa wankin gobe da rana.

Asabar, 16 ga Maris

Na tare likita a baranda na ce kwana goma ne. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce da sun wanke kawai, ciwon zai iya dawowa ya ci ƙashi. Sun cire ƙarfen, sun sa simintin ƙashi mai magani a gurbinsa. Allura ta jijiya sati shida, sannan a duba ko za a sa sabo.

Seth ya daina yi min magana. Yana da gaskiya.

Talata, 2 ga Afrilu

Yau na gaya wa Mama gaskiyar da bakina. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Da nas ta zo wankin ciwo ta ce masu jinya su fita, na miƙe, sai Mama ta riƙe min zane.

"Bar ta. Idona ba ya kai wurin. Ke duba, ki faɗa min abin da kika gani."

Na duba. Ya bushe, sai ɗan ja a gefe ɗaya. Har jan na faɗa.