Ba A Tashi Kafin A Busa

Layin Masaƙa, Yorkshire
11 ga Fabrairu

Lorraine,

Ina gaishe ki irin gaisuwar da ake yi wa surukar da ta kashe wa mutum waya sau biyu. Da fatan kuna lafiya, ke da jikata Gemma.

Na tsinci tikitin kallon ƙwallo na shekara na Gemma a ƙarƙashin ƙofata, cikin ambulan, babu ko kalma ɗaya. Ko mai kawo madara yana barin rubutu. Tikitin nan na kujera ta 42 ne, inda ɗana Graham, mijinki, ya zauna tun yana shekara bakwai har zuciyarsa ta tsaya. Ba takardar talla ba ce da za a cusa ta ƙasan ƙofa.

Wai ƙwallon daren Talata ke hana ta karatu. Wane karatu? Na ga abin da take kawowa gida, busasshiyar taliya ce aka liƙa a jikin kwali. Graham bai taɓa fashin Talata ba, ya kuma zama mai gyaran wutar da rabin garin nan ke nema. Ke da aka riƙa kwantar da ke ƙarfe bakwai duk yarintarki, ga ki nan kina buga hatimi a ofishin inshora.

Ranar Talata 19 ga wata za a maimaita wasan cin kofi da manyan nan na Landan, a filinmu. Ina son yarinyar a gefena. Tun da aka binne ubanta, awa biyun nan ne kaɗai rabona da ita, kuma kin sani.

Ki huta lafiya,
Wilfred Ackroyd

13 ga Fabrairu

Mista Ackroyd,

Gaisuwarka ta iso, na mayar maka da irinta, ba ragi ba ƙari.

Larabar da ta wuce malamarsu, Misis Pickering, ta kira ni makaranta. Ta tarar da Gemma tana barci, kumatu a kan littafin lissafi, gashinta na warin taba da albasa. Da ta tashe ta, 'yata ta dube ta ta ce, "Ba ki gani ne? Ke ma alƙalin wasa ce?" Ilimin kujera ta 42 ke nan. Kana ɗura mata romon nama da soyayyen dankali, ka dawo mini da ita ƙarfe goma da rabi muryarta a dishe, ni kuma in yi ta fama da ita da safe.

Tunda ka kawo sunan Graham, bari in tuna maka. Talata ce na haifi Gemma. Maƙwabciya ta buga waya filin, aka yi shela a lasifika sau biyu, gaban mutum dubu tara, cewa Graham Ackroyd ya garzaya asibiti, matarsa na naƙuda. Ya miƙe, ka riƙe masa hannun riga, ka ce saura minti ashirin, kuma haihuwar fari ba ta sauri. Shi ya ba ni labarin da bakinsa, yana dariya. Na haihu tsakanin mata biyu da ban san sunansu ba, don ku kalli ƙarti ashirin da biyu su tashi babu ci. Ban taɓa yafe maka ba.

Ranar 20 tana da gwajin lissafi, wanda za a raba aji da shi. Amma ba za a ce na raba marainiya da kakanta ba. Ka ɗauke ta, ka dawo mini da ita ƙarfe tara da rabi. Akwai motar bas da ke tashi daga ƙofar filin tara da minti biyar. Na san sai tara da kwata ake busa tashi, ba sai ka koya mini ba. In ka ƙara minti ɗaya, ba Talata, ba Asabar, ba ranar Kirsimeti.

Da girmamawar da ta kamata,
Lorraine

15 ga Fabrairu

Lorraine,

Barka da ƙoƙari. Wanda ya tuƙa motar nan shekara talatin kike karanta wa lokacin tashinta?

Shekarata arba'in da huɗu a wannan layin kujeru, ban taɓa tashi kafin a busa ba. Ranar da aka zuba mana bakwai ana tsuga ƙanƙara, na zauna har ƙarshe. Masu tashi da wuri 'yan kudu ne irin na Landan, da masu tsoron cunkoso, kuma mukan raka su da tafi har ƙofa. Shi ne abu na farko da na koya wa Gemma, kafin ma sunayen 'yan wasa. Kin san haka sarai, shi ya sa kika zaɓi motar.

Zan zo shida da rabi. Ki sa mata safa biyu.

W. Ackroyd

20 ga Fabrairu

Lorraine,

Ina kwana. Jiya kin karɓe ta a ƙofa kin rufe, ba ki tambayi komai ba, to ga abin da ba ki tambaya ba.

Ƙarfe tara daidai sun ci mu biyu, mu ko ɗaya. Na ce wa Gemma ta ɗaura gyalenta. Ta ɗauka wasa nake. Da ta ga na miƙe, sai ta riƙe kujera da hannu biyu, ni kuma na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Arnold Clegg, wanda ya zauna a damana tun kafin ki yi haƙori, ya tambaye ni ko jikina ne. Na ce a'a. Sai ya janye gwiwoyinsa bai dube ni ba. Wasu 'yan banza a baya, waɗanda ni na koya wa iyayensu tafin, suka soma yi mini shi.

Muna kan matakala aka yi ihun farko. Na ce mata ƙwallon share hawaye ce. Muna tsaye a wurin jiran mota, mu biyu kacal da wata tsohuwa mai kare, aka yi na biyu, har gilashin rumfar ya girgiza. Gemma ta ja ni da dukkan ƙarfinta. Na ga motar ta shawo kwana, na ga ƙofar filin a buɗe, taku hamsin bai kai ba. Na tura ta cikin motar.

Na ukun a rediyon direba muka ji. Ya taka birki a tsakiyar titi yana dukan sitiyari, sannan ya hango gyalenmu a madubi ya ce, "Daga can kuke? Kuka fito?" Gemma ta tashi ta koma kujerar baya. Har gida ba ta yi kuka ba.

Tara da minti ashirin da takwas na ƙwanƙwasa ƙofarki. Ina fata lissafin ya yi kyau. Ina fata an sa ta a ajin masu kaifin kai, inda ake liƙa taliya mai tsada.

Wilfred

26 ga Fabrairu

Wilfred,

Ina yini. Ba zan ɓoye maka ba, na sa sharaɗin ne don na tabbata ba za ka iya cika shi ba. Ina da rediyo ni ma. Da na ji ta uku ta shiga, na ɗora ruwan shayi, na zauna ina jera kalmomin da zan kore ka da su ƙarfe goma da rabi. Sai ga ka a ƙofa da hula a hannu, kamar mai karanta mitar wuta. Shekara tara da suka wuce ka kasa tashi don a haife ta, yanzu ka tashi a daren da ko ni da na ce ka zauna. Ko biyayya ba ka iya yin ta a kan lokaci ba.

Ta cinye gwajin duka, in ka damu. Misis Pickering, wadda ba ta san ƙwallo zagayayya ce ba, ta shigo aji da gyalen ƙungiya, ta ce Gemma ta fito gaba ta ba su labari, tunda ita kaɗai ta je. Ta fito ta tsaya gaban aji, ita da ba ta ga ko ɗaya a cikin ƙwallayenmu uku ba. Wani yaro da ya ji a gida ya faɗa wa aji abin da ya faru, suka yi mata tafin nan naku. Ka ga inda tarbiyyarku ta kai.

Kwana shida ke nan tana ce mini "i" da "a'a". Ta cire hotunan 'yan wasan daga bango, ta mayar, ta sake cirewa. Na ce mata ni na kafa dokar. Ta ce ta sani, amma ni ban san komai ba, kai ne ka sani.

Na janye maganar tara da rabi. Ba don kai ba. Ka zo Asabar ka gyara abin da ka ɓata, in ta yarda ta bi ka. Na sa ta rubuto maka, takardar na ciki, ban karanta ba.

Lorraine

Kaka,

Ina gaishe ka. Mama ta ce in rubuta cewa na haƙura. Ban haƙura ba.

Zan zo Asabar, don ƙungiyar ba ta yi mini komai ba. Ba sai ka saya mini dankali ba. Ka tambayi Mista Clegg ko zai yarda in koma kujerarsa, kai ka matsa zuwa ta 42, shi ya zauna a tsakaninmu.

Ka huta lafiya,
Gemma Ackroyd