Iccen da Inna Ta Tara

Illela

Yaya Raliya,

Assalamu alaikum. Kin ga tun daga sallama na rikice, ban san ko har yanzu ita aka yi maki ba. Ki dai amsa. Ina fata kina lahiya, ke da maigidanki. Na rubuto ne don in na kira waya kuka kike yi, kati shi ƙare ban ce komi ba.

Halliru mai kabu-kabu ya gan ki bakin asibitin da kike aiki a Konni, wai ciki ya tsufa. Na gaya ma Baba. Ko kai bai ɗago daga ɗinkin buhun albasa ba, yac ce: "Maganata tana nan. Tun randa ta zaɓi coci ta bar gidanga."

Inna ce ta ɗaure mani kai. Da na gaya mata, sai tac ce in miƙo mata ludayi. Shi ke nan fa! Amma tun ranar take tara icce bayan ɗaki, manyan gumagumai, har da kanwa ta aika anka sawo. Na ce na mi ne, tac ce damina na tahe. Yaya, wace damina ana tsakiyar rani? Ke ɗiyar fari ce, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanki a bakinta ba, sai dai "waccan". To yanzu ƙaƙa zan rabe fushi da alkunya?

Kaka ta rasu. Wa zai yi maki wankan jego?

Ƙanenki,
Maharazu

Birnin Konni

Maharazu,

Wa alaikumus salam. Ka ci gaba da yi mani ita, ban daina so ba. Ka gaishe da Baba da Inna, in gaisuwata tana shiga.

Ni ban bar gida ba, rufe mani anka yi. Kuma ba zan ce na dawo addininku don a dafa mani ruwa ba. Abin da na gaskata na gaskata, ƙarya ce kawai ba zan yi ma Baba ba.

Matan cocinmu sun ce za su yi mani wankan, mutanen kirki ne. Ka ji abin dariya: ni ce kullum a asibiti nike hana masu jego wanka da ruwa mai ƙuna, ga ni ina kuka don ba wanda zai fyaɗa mani shi da ganye a gidanmu. Haihuwar fari ce, tsoro nike ji. Uwata nike so.

Ka tambaye ta ƙeƙe-da-ƙeƙe: iccen domina ne? In na zo, za ta karɓe ni?

Yayarka,
Raliya

Illela

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na tambaya, kuma da na sani ban yi ba. Inna tac ce, "Gida yana da mai shi," ta ci gaba da tankaɗe. Ashe Baba yana bakin ƙofa. Ranar ya kira mai gidan burodi yac ce shi kwashe iccen kyauta. Inna tana tsaye anka kwashe. Ni kuma yac ce in ina son bin ki hanya a buɗe take. Yanzu kwanona daban, ba mu ci tare a zaure.

Wallahi ina jin haushinki, Yaya. In na shiga masallaci sai in ga kamar kowa ƙeyata yake kallo. Amma jiya na iske Baba shi kaɗai yana share ƙurar kekenki na makaranta, da ya gan ni sai yac ce sayar da shi zai yi. Inna kuma ta soma tara wani iccen, ƙirare-ƙirare, ƙarƙashin gadonta. Ban gane kowa ba a gidanga, har ni kaina.

Kada ki zo. Ban san mi zai faru ba.

Maharazu

Illela

Yaya,

Barka da arziki! Halliru ya kawo labari, Allah shi raya ɗiya.

Inna na ji ta yafa mayafi, tac ce in ɗaure iccen bisa babur. Baba yana zaure. Yac ce, "Ina za ki?"

Tac ce, "Wurin Raliya."

Da bakinta, Yaya, har ni na ji. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ma ƙofa baya. Bai ce ta tahi ba, bai ce ta zauna ba, kuma ban san ko zai bar ta ta dawo ba.

Halliru zai riga mu isowa da wannan takarda. Ki sa a wanke babbar tukunya.

Maharazu