Tambayoyin Da Na Saka Wa Agogo Don Abokin Yayana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. A ɓoye sunana. Ina roƙo ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin na riga na yanke wa kaina wanda ya fi naku tsanani. Ranar wata Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, a shagona da ke bayan babbar kasuwar Jimeta, mu biyu ne, ni da wata mata da ke jiran in buga mata takardar neman aiki. A wannan lokacin na buɗe wani fayil na karanta abin da ba ni da haƙƙin karantawa. Matar ta ce, "Malam, lafiya? Ko wuta ce ta ɗauke?" Na ce mata ta dawo gobe. Zan faɗi komai bi da bi, don ni ban iya magana a hargitse ba.

Farko, sana'ata. Sakandare na gama, na yi kos na kwamfuta na wata shida, ina buga takardu da fotokwafi. A lokutan da babu kwastoma na koya wa kaina rubuta umarnin da ke sa abu ya yi motsi a cikin kwamfuta. Akwai wata duniya a intanet inda kowa yake da mutum-mutuminsa, yana yawo, yana gina ɗaki, yana hira da mutanen wasu ƙasashe. A can akwai masu wani wasa da suke kira hifnosis: mutum ya zauna, a yi kamar an sa shi barcin ido biyu, a yi masa tambayoyi yana amsawa kamar mai mafarki. Ba tsafi ba ne, ba aljanu, kowa ya san wasa yake yi. Ni kayan wasan nake haɗa musu. Na yi wata kujera da agogo mai sarƙa. Idan mutum-mutuminka ya zauna, allo zai yi duhu-duhu, agogon ya fara lilo, a ƙirga daga goma zuwa ɗaya, sannan tambayoyi su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta amsa. Idan an gama a ƙirga daga ɗaya zuwa goma, ka tashi. A jikin kujerar na rubuta da hannuna cewa ba a adana amsar kowa.

Na biyu, gidanmu. Mu mutanen Mubi ne, gudun hijira ya kawo mu Yola. Ranar da mahara suka shiga Mubi, ni da mahaifiyarmu, da muke kira Dada, muka samu bayan wata motar kaya. Yayana, Hamma, ya ce mu tafi, zai biyo mu a babur tare da maƙwabcinmu kuma amininsa, wani malamin firamare Kirista daga wajen Numan, wanda zan kira Ticha. Bayan kwana biyar Ticha ya iso shi kaɗai, a ƙafa, ƙafafunsa sun kumbura ba sa shiga takalmi. Ya ce an tare hanya, jama'a suka watse, suka rabu, bai sake ganin Hamma ba. Shekara fiye da goma ke nan. Dada ta hana a yi wa Hamma addu'ar mamaci. Ta ƙi canza lambar wayarta. Duk inda aka ce an saki wasu mutane ko an ga wani mai kama da shi, sai ta je da kanta.

Ticha kuwa bai taɓa barinmu ba. Muna unguwar Yolde Pate, shi yana koyarwa a Jimeta, amma duk Asabar sai ya zo. Shi ke kai Dada asibiti awon suga. Tana ce masa, "Ɗan cocina, zo ka ci tuwo, matarka ba ta iya miya ba," shi kuma ya ce, da Hausarsa da wani lokaci ba ta raba mace da namiji, "Dada, idan ya ji wannan magana yau a waje zan kwana." Ni yana kirana Injiniya, don tsokana.

Kowane kaya sai an gwada kafin a fitar. Na roƙi Ticha ya gwada mini kujerar, tunda yana da kwamfuta a gida. Ya yi dariya har da tafi. Ya ce, "Injiniya, wannan abin naka ba zai shanye mini kurwa ba?" Na ce, "Ticha, kurwarka wa zai ɗauka ko kyauta?" Sai ya daina dariya ya ce, "To wa ke ganin abin da na rubuta?" Na ce, "Babu kowa. Inji ne kawai." A lokacin ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Amma na bar hanyar da amsoshi ke zuwa wani fayil a wurina, don in ga inda rubutuna ke da kuskure. Na ce zan rufe bayan gwaji. Ba mantawa na yi ba, kada in yi muku ƙarya a nan ma. Aikin ya fi sauƙi idan tana buɗe, sai na bar ta.

Tambayoyin guda uku ne ga kowa: ina kake yanzu, me kake gani, wa ke tare da kai. Mutanen waje suna rubuta bakin teku da fadar sarauniya. Ticha a makon farko ya rubuta yana cikin tukunyar shinkafa, tare da hedimasta. Na yi dariya ni kaɗai a shago. A mako na uku, wato wannan Laraba, ga abin da na gani: "Ina gonar dawa. Yana kwance. Yana cewa ndiyam, ndiyam." Ndiyam ruwa ne da Fulatanci. Hamma ba ya yi wa Ticha Fulatanci, Hausa suke yi. Dada kaɗai yake yi wa.

Nan ne ya kamata in rufe fayil ɗin, in je in same shi in ce, Ticha, na gani, ka yafe mini, mu yi magana. Me ya hana ni? Har yau ina tambayar kaina. Abin da na yi shi ne, na zauna na ƙara layi shida a cikin rubutuna. Na ce wa injin, idan sunan Ticha ne ya zauna, kada ka ba shi tambayoyin kowa, ka ba shi waɗannan. Na tsara su kamar yadda nake tsara komai, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kowane zama tambaya ɗaya sabuwa, don kada ya razana. Ku duba irin natsuwar da na yi wannan aiki da ita. Har gwada shi na yi sau biyu don in tabbatar babu kuskure.

Zama na farko agogon ya tambaye shi, wa ke kwance? Ya rubuta sunan Hamma na yanka. Zama na biyu, me ya same shi? Ya ce harsashi ya samu Hamma a cinya suna kan babur, ya goya shi har cikin gonar, ya ɗaure masa da rigarsa, jinin bai tsaya ba. Zama na uku, ka kawo ruwan? Wannan amsar ta fi tsawo. Ya ce ya ɗauki gora ya nufi rafi, sai ya ji harbi kusa, ya gudu. Bai tsaya ba sai da ya hau dutse. Ya ce yana iya komawa da yamma amma tsoro ya hana shi. Da gari ya waye ya koma da ruwan a hannu, ya same shi ya cika, ya ja jiki kamar taku goma ta wajen rafin. Zama na huɗu, ina ka bar shi? Ya ce ya tona da icce iya ƙarfinsa, ya rufe shi da ƙasa da duwatsu, ya juya shi gabas kamar yadda ya ga Musulmi suna yi, bai san abin da ake karantawa ba sai ya yi addu'ar da ya iya. Ya kwatanta wurin, da itacen tsamiya da dutsen da ya tsage biyu. Ya ce duk hanya yana shirya yadda zai faɗa, da ya ga Dada a tsaye tana duban bayansa sai bakinsa ya faɗi wani abu dabam.

A waɗannan makonni yana zuwa gidanmu kamar kullum. Wata Asabar ya ce mini, "Injiniya, wannan agogon naka kamar ya san mutum." Na ce haka aka tsara shi. Ya ce, "Ka san tun da na fara zama a kujerar nan nake barci? Shekara nawa ban yi barci mai kyau ba. Allah ya yi maka albarka." Ya sa mini albarka, jama'a. Ni kuma ina zaune ina cin tuwo a kwano ɗaya da shi, ina tunanin tambaya ta gaba. Wani lokaci ina jin kamar in shaƙe shi, don ya bar yayana yana jan ciki yana neman ruwa. Wani lokaci in tuna ni a motar kaya na gudu, ban goya kowa ba ko taku ɗaya. Wa ya ba ni ikon yi masa shari'a?

A zama na biyar na wuce iyaka. Ban sa tambaya ba, umarni na sa. Agogon ya ce masa, ka gaya wa mahaifiyarsa. Na yi zaton idan daga inji ya fito zai bi, ni kuma hannuna ya fita. Fayil ɗin ya nuna sai da minti goma sha ɗaya suka wuce. Sannan ya rubuta, "Ba zan iya ba. Ba shi da kowa sai mu." Dada yake nufi. Ya tashi daga kujerar ba tare da an ƙirga masa ba, kuma bai sake zama ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya tsare ni a ƙofar gida, kafin ya shiga. Ya ce, "Injiniya, zan tambaye ka, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Injin nan, inji ne?" Na dube shi ido cikin ido na ce, "Wallahi inji ne." Ni da nake yi wa mutane faɗa a shago idan sun rantse a kan kuɗin fotokwafi. Ya ce, "To." Ya shiga ya gaishe da Dada, ya tsokane ta, ya ci tuwo. Ban san ko ya yarda ba. Tun ranar bai sake kirana Injiniya ba, sunana yake kira.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya a layin asibiti wata mata ta gaya wa Dada cewa an saki wasu mutane a Maiduguri, kuma akwai wani dogo ɗan Mubi a cikinsu. Dada tana da gyambo a ƙafa saboda sugan, likita ya ce kada ta yi doguwar tafiya a mota, ƙafar tana iya lalacewa. Ba ta ji. Ta sa tela ya ɗinka wa Hamma riga, ta ce a rage faɗi don zai dawo a rame. A gabana ta ce, "Ɗan cocina, kai za ka raka ni, kai ka fi kowa gane shi." Ticha yana riƙe da kofin kunu, ya ce, "To, Dada." Kunun nan har ya tafi bai sha ba. Na ce mata ni zan je a madadinta, ta ce, "Kai da ba ka ɗaga kai daga kwamfuta, ko ya wuce ta gabanka ba za ka gani ba." Ranar Asabar za su tashi. Yau Alhamis.

Na juya maganar ta kowane gefe. Idan na gaya wa Dada, za ta tambaye ni daga ina na ji, kuma a rana ɗaya zan karɓe mata Hamma da Ticha. Muna da wani Bappa, ɗan'uwan mahaifinmu, mai zafin kai, idan maganar ta kai kunnensa ba zai ce mutum ya ji tsoro ya gudu ba, cewa zai yi Kirista ya bar Musulmi ya mutu, kuma kun san yadda irin wannan magana take tafiya a gari. Ticha yana da mata da 'ya'ya. Idan na tunkari Ticha, dole in ce masa ni ne agogon, ni na yi masa tambayoyin nan, ni na rantse da Allah a kan ƙarya, wurin nan guda da ya samu sauƙi tarko ne na kafa masa. Akwai ma abin da ke ƙara rikita ni: wasa ne fa, an gina shi don mutum ya ƙirƙiri labari, kuma ni na riƙa jan shi da tambayoyina. Idan ya ce ƙirƙira ya yi, me zan ce? Amma zuciyata ta san ba ƙirƙira ba ce. Idan kuma na yi shiru, tsohuwa za ta hau mota da gyambo, tana neman wanda yake kwance a gindin tsamiya ba a yi masa salla ba, mutum biyu sun sani suna kallonta.

Na rufe hanyar fayil ɗin ga kowa, na cire layukan nan shida. Amsoshin Ticha ne kawai na kasa gogewa, don a nan kaɗai aka rubuta inda yayana yake.

Kada ku ce in yi addu'a kawai, ina yi. Malamai da ke karanta wannan shafi, da fastoci idan akwai, da ku iyaye mata, ku ba ni amsa a jere yadda zan iya bi: wa zan fara tsayawa a gabansa, Ticha ko Dada, kuma da wace kalma zan buɗe baki? Kwana biyu suka rage kafin ta hau motar nan. Don Allah, me zan yi?