Tun Ranar Farko Na Gane Kai Ne, Sadisu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga abokina Sadisu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Maryam da su Hajiya. Na san ba a gaban jama'a ya kamata in yi maka wannan magana ba, amma tun da ka koma Zariya ka rufe lambata, kira ba ya shiga, saƙo ba ya shiga. Duk wanda ya karanta, in ya san ka, don Allah ya isar maka.

Kana tuna ranar da ka sauka Dubai? Ni na je ɗauko ka. Ka fito da jaka ɗaya da ƙullin kilishi, kana ta kallon sama kamar ɗan ƙauye, ina yi maka tsiya. Ka samu aiki a wani ofishin kago, masu jigilar kaya, a Port Saeed, ni kuma ina International City, ɗaki ɗaya da wasu mutum biyu 'yan wajenmu. Ba zan kama sunansu ba, nawa laifin ya ishe ni.

Duk Juma'a in an sauko masallaci mukan haɗu wajen mai shayi a Al Khabaisi. Hirarka ɗaya ce, ɗakin da za ka kama idan bizar Maryam ta fito. Har kasuwar 'yan Chana da ke kusa da mu ka ja ni, muka yini muna zaɓen labule, ka ce ita ruwan ƙasa take so. Ɗaki ma ba ka samu ba, amma labule ya samu.

Ba ka san abin da muke yi ranar Asabar da rana ba. Poka muke bugawa ta waya, wato cacar karta. Mu uku mu zauna kan kafet ɗaya, kowa da sunan ƙarya, mu shiga tebur ɗaya kamar ba mu san juna ba. Wayoyin a shimfiɗe suke, kowa na ganin katin ɗan uwansa. Mai ƙarfi ya tsaya, sauran su yi ta ƙara kuɗi har baƙon da ke tsakiya ya zurma, sannan su janye. Sabon shiga muke nema, kuma a zauren hirar Hausawan Dubai muke jefa gayyata, mu ce teburin 'yan gida ne.

Wata Asabar wani ya shigo, sai ya rubuta sallama. Sallama fa, a teburin caca! Mutanen ɗakina suka fashe da dariya. Da la'asar ta yi ya ce a jira shi zai yi salla. Da muka cinye shi kuwa sai ya rubuta, "Ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri." Wallahi maganarka ce sak. Tun muna makaranta haka kake cewa, ko jarrabawa ka faɗi, ko takalminka aka ɗauke a masallaci.

Abin da na zauna in rubuta maka ke nan. Wataƙila kana zaton ban san kai ne ba. Na sani, Sadisu. Tun ranar farko na gane ka. Na buɗe baki zan ce a ƙyale wannan, na sake rufewa. In na gargaɗe ka sai ka tambaye ni yadda aka yi na sani, ni kuwa da kake kira ustaz, kake tura ni gaba in ja salla. Kunya ta hana ni. Kuma kada in yi maka ƙarya sau biyu, rabona ma ya yi mini daɗi.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce Juma'ar da ka miƙo mini wayarka a wajen mai shayi, kanka a ƙasa. Ka ce ka faɗa wani abin kunya, kuma ba ka da wanda za ka gaya wa sai ni. Ka ce, "Musbahu, mutum ukun nan ba sa taɓa cin junansu, ni kaɗai suke ci." Ka riga ka gano mu, mutumina, kalma ɗaya kawai kake jira daga bakina. Sai na ce maka haka duk sabon shiga yake gani. Ka yi ajiyar zuciya, ka ce dama da baƙi ne da ka ji tsoro, amma ɗan gida ba zai cuce ka ba. Ka biya kuɗin shayin ma.

Abin da ka tara don zuwan Maryam ya tafi a teburin nan. Hankalinka ya rabu, aiki ya lalace, aka sallame ka.

Ranar da ka zo yi mini sallama Asabar ce, ba ka kira ba, ƙofa kuma a buɗe. Ka ga wayoyi uku a kan kafet. Ka ga sunan da ke kan tawa. Na so ka mare ni, na so ka tara mini jama'a. Sai ka ajiye ledar labulen nan a bakin ƙofa, kyautar da ka kawo mini, ka ce, "Ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ka juya.

Na bar ɗakin, na bar wasan, amma ban ga abin da hakan ya mayar maka ba. Na gaji, Sadisu. Ina tsayawa salla in rasa da wace fuska zan ɗaga hannu. Ba na jin za ka yafe mini, kuma in ka ƙi, ba ka zalunce ni ba.

Ya Allah, ka mayar wa Sadisu da abin da ya fi wanda na raba shi da shi. Ka haɗa shi da abokan da ba irina ba. Ka sanyaya zuciyar Maryam. Ni kuwa ka ba ni kwana har in tsaya a gabansa in faɗi wannan da bakina. Amin.

Labulen yana nan a ledarsa, ban kwance ba. Ka turo wanda zai karɓa, ko da ba za ka ce mini komai ba.

Wanda ya ci amanarka,
Musbahu