Keken Mai Ƙwan Zabi Yana Kulle a Sito

Daga: Malam Jafaru Audi, tsohon akawu mai ritaya, Daura,
a madadin ƙanensa Munzali Audi, mai fataucin ƙwan zabi.

Litinin, 28 ga Yuli, 2008 (25 ga Rajab, 1429)

Zuwa ga: Mai Girma Alhaji Sada,
Shugaban Ƙungiyar Taimakon Juna ta Masu Sayar da Kekuna da Masu Gyara,
Layin 'Yan Keke, Daura.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARE KEKEN MUNZALI AUDI HAR KWANA ASHIRIN DA TAKWAS A KAN ƘARAR DA BAI SHIGAR BA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma gwargwadon matsayinka, ana roƙon ka karanta wannan takarda yau, kada ta kwana a aljihun tebur. Mai ƙorafin shi ne Munzali, wanda za a riƙa ambata da sunansa. Ni yayansa na riƙe masa biro ne kawai, domin shi da ajami yake rubutu, kuma a kwanakin nan ko zaman rubutun ba ya iyawa.

1. Shekara takwas ke nan Munzali yana shiga ƙauyukan bayan Dutsi duk damina yana tara ƙwan zabi, ya kawo wa masu shayi da matan tasha a Daura. Ranka ya daɗe ka sani zabuwa ba ta yin ƙwai duk shekara. Daga saukar ruwa zuwa ɗaukewarsa ne, kuma da waɗannan 'yan watannin yake riƙe gidansa har zagayowar wata daminar. A Garin Ɗantsoho akwai wata dattijuwa, Inna Shatu, ita ke tara masa na matan ƙauyen duka, ya je duk Alhamis ya ɗauka. Hanyar kuwa tsakuwa ce da kwazazzabai da wata gangara mai duwatsu. Da tsohon baƙin kekensa, komai yawan ƙaiƙayin da ya zuba a kwando, sai ya iso da fasassu.

2. Saboda haka ya ƙudura sayen keke mai giya irin na hawa duwatsu, na hannu, cikin waɗanda ake kawowa daga Turai. Ya sayar da awakinsa biyu, abin da ya haɗa bai wuce naira dubu goma sha huɗu ba. Mako uku yana zirga-zirga a layinku yana taɓa wannan yana ɗaga wancan. Idonsa ya fara faɗawa kan wani ja mai walƙiya, mai shokasoba, ƙarfen nan da ke shanye girgizar hanya, gaba da baya, har barci ya ƙi masa. Mai shagon, Mista Hyginus, shi da kansa ya hana shi. Ya ce masa kyan ido ne kawai, nauyi gare shi kamar injin niƙa, kuma bayansa lilo yake yi, ba ya ɗaukar kariyar ɗora kaya. Ya jawo masa wani shuɗi da fentinsa ya ɗan koɗe, mai shokasoba a gaba kaɗai, bayansa ƙarfe tsayayye, ya ce tunda kwandon ƙwai a gaba yake ɗaurawa, laushin ma a gaba yake buƙata. Ya sa shi ya hau ya faɗa ramukan bakin kwalbati sau uku. Munzali ya ji gaban keken yana nutsewa yana tasowa, hannunsa bai ji komai ba. Aka yi ciniki ranar Asabar 28 ga Yuni, da rasit, kwafinsa na maƙale da wannan takarda. Ana roƙon a lura: a ranar keken lafiyarsa ƙalau.

3. Kamar yadda kowa ke yi, ba a hawa sabon keke sai an kai wa mai gyara ya ɗaure notuna ya sa giris. A gidanmu kuwa ba a tambayar wa za a kai wa. Baba Mati ne, wanda ya riƙe keken mahaifinmu shekara talatin, Allah ya jiƙan mahaifinmu. Da hantsin Lahadi 29 ga Yuni Munzali ya kai masa ya tafi gona. Baba Mati ya dafa kan keken, ya ji ƙafafun nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, waɗanda kuke kira fok, suna shigewa suna fitowa. A iya saninsa, fok da ke motsi fok ne da ya karye. Ya nemi notin da zai ɗaure bai samu ba. Sai ya tura keken wajen mai walda, ya tsaya a kansa aka liƙe ƙafafun biyu ƙam, wuta ta cinye robobin ciki, ta kashe ƙarfen da ke yin laushin. Da la'asar ya tari Munzali da fara'a, ya ce masa ya gode wa Allah, da yanzu yana kwance a kwazazzabo da karayar wuya, kuma kuɗin waldar ma ya yafe masa saboda mahaifinsa. Wallahi, ranka ya daɗe, godiya Munzali ya yi. Ya durƙusa ya yi godiya, ya turo keken gida, ya zauna a zaure yana danna kansa yana sake dannawa, abu kamar taɓarya. Awaki biyu sun tafi a kan laushin nan, kuma laushin kaɗai aka cire.

4. Da a nan maganar ta tsaya, da ba a dame ka da takarda ba. Amma Baba Mati ya ba da labarin a layi, yana cewa an sayar wa maraya karyayyen keke. Marayan nan, a lura, shekararsa arba'in da ɗaya da 'ya'ya biyar. Ranar Litinin 30 ga Yuni, Munzali ya mayar da keken shagon Mista Hyginus don su yi shawarar gyara, sai ga Sakataren Ladabtarwa na ƙungiyarku, Malam Amadu, ya ce ƙungiya ta ɗauki maganar, keken ya zama shaida, ya kulle shi a sito. Munzali ya ce shi bai kai ƙarar kowa ba. Aka ce masa ba sai ya kai ba, an kai masa. Ya ce to ya janye. Aka ce janyewa sai a zaman kwamiti.

5. Ga yadda zaman kwamitin ya kasance. Ranar 7 ga Yuli an yi ruwa, kowa ya tafi noma. Ranar 14 ga Yuli ana suna a gidan mataimakinka, Allah ya raya. Ranar 21 ga Yuli an hallara, an sha shayi, sai aka tuna ba a yin hukunci ba a ga shaida ba, mabuɗin sito kuma yana aljihun Ma'aji, Ma'aji yana Mashi. Yau 28 ga Yuli Munzali ya je tun da sassafe, aka ce Ma'aji ya dawo amma Sakatare ya yi tafiya. Na yi aikin ofis shekara talatin da biyu, na san jan ƙafa, ni ma na ja ta a zamanina, Allah ya yafe mini. Amma haba! Ban taɓa ganin an tsare wa mutum dukiyarsa don a ƙwato masa haƙƙinsa ba.

6. Mista Hyginus ya nemo wani fok irinsa daga Kano, na hannu, ya ce a kuɗin da ya saya zai ba shi, aikin sawa kuma awa ɗaya ne. Yana ajiye ƙarƙashin teburinsa tun 12 ga wata. Amma ya rantse ba zai ɗora sifana a kan keken ba sai ƙungiya ta faɗa a fili cewa bai sayar da karyayyen kaya ba, domin shekara goma sha tara yana layin nan, yanzu mutane na wuce shagonsa suna ƙus-ƙus. Mu ba mu ga laifinsa ba.

7. Tsohon baƙin keken an riga an ba wa surukinmu. Ranar Alhamis 10 ga Yuli Munzali ya aro shi ya tafi. A gangarar duwatsun nan, cikin ƙwai ɗari biyu, sittin da ɗaya suka fashe, ya iso gida gwaiduwa na ɗiga a kan tayar gaba. Alhamis biyu da suka biyo baya surukin na buƙatar abinsa, Munzali bai samu zuwa ba. Yanzu mutumin nan ba ya zama wuri guda. A kawo tuwo ya yi loma biyu ya miƙe. Sau uku a wuni yake zuwa ya leƙa tagar sitonku, ya dawo ya gaya mini rufin na yoyo daidai kan sirdi, sarƙa ta fara tsatsa. Ya shiga gona ya fito, ya kwance kwando ya sake ɗaure shi. In ya ji kukan zabi a bayan gari sai ya juyar da kai. Ina jin tausayinsa, kuma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

8. Shekaranjiya saƙon Inna Shatu ya iso. Wani mai babur daga Mashi ya zo ƙauyen neman ƙwai sau biyu, tana kora shi don zumuncin da ke tsakaninta da mahaifiyarmu. Amma ta ce ƙwai ba ya jira, matan sun fara yi mata ƙorafi, na makon jiya ma wasu sun lalace a tukunya. Ta ba Munzali zuwa Alhamis ɗin nan, 31 ga Yuli. In bai zo da keken da zai ɗauka ba, za ta sallama wa mai babur. A can kuwa wanda aka sallama wa, shi ke nan, ba na bana kaɗai ba.

Bisa ga haka ana roƙon Mai Girma Shugaba da ya ba da umarni a buɗe sito a miƙa wa Munzali kekensa kafin azahar ta Laraba 30 ga Yuli, ya kuma sanar a layi cewa Mista Hyginus lafiyayyen keke ya sayar. Wanda ke shakka ya je shagon ya danna sabon fok ɗin da hannunsa, minti ɗaya ya isa.

Akwai roƙo na uku, wannan na Munzali ne, ba nawa ba. Da na karanta masa takardar ya ce in goge sakin layi na uku gaba ɗaya. Na ƙi. Sai ya ce to in rubuta cewa kada a ci Baba Mati tara, kada a tsayar da shi gaban yara a tuhume shi, kuma in da hali kada a gaya masa abin da ya ɓata, domin tsohon har yanzu yana alfahari ya ceci ran ɗan amininsa. Na rubuta.

Ranar Laraba Munzali zai tsaya a ƙofar sito da kwandonsa tun hantsi. In ba a buɗe ba, ya ce Alhamis bayan sallar asuba zai nemi mota zuwa Dutsi ya ƙarasa da ƙafa, hannu wofi, ya je ya gaya wa Inna Shatu da bakinsa ta sallama, domin hulɗar shekara takwas ba a yanke ta da ɗan aike. Ranka ya daɗe, mabuɗi ɗaya ne da aikin awa ɗaya tsakaninsa da wannan tafiyar, kuma mabuɗin a gari yake.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya. A yi mana afuwa inda harshe ya yi kaifi, laifin mai biro ne.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Jafaru Audi
(sa hannu)

Munzali Audi
(ya sa hannu da ajami, a tsaye)