Sunan da Ba a Raɗa Ba

Baffa Hamman,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, da Inna Saude da duk mutanen Burumburum. Ya damina?

Ni ma lafiya lau a nan Jidda. Aikin gini da sauƙi. Siminti ya ɗan ci mini hannuwa, amma kada a gaya wa Inna.

Muhsina ta shaida mini an yi sunan ɗanmu, sannu da hidima, Allah ya saka da alheri. Sai dai Baffa, kafin in taho na durƙusa gabanka na roƙi in namiji ne a mayar da sunan kakana Mudi, mahaifinka, ka ce ka ɗauki alkawari. Yanzu na ji Badamasi ka raɗa masa.

Na san Liman Badamasi ne ya haifi Mudi, kuma da shi gidanmu ke tinƙaho. Takwarorinsa sun cika gida. Mudi kuwa, don bai yi karatu ba, zuma kawai yake ɗebowa a dajin Falgore, ko a addu'ar biki tsallake shi ake yi. Alhali da zumar nan ya ciyar da ku.

A shafa mini kan yaron, Allah ya raya shi. A turo hotonsa.

Ni ma ba malami ba ne, Baffa, lebura ne a ƙasar wasu. In Mudi bai isa a ambata ba, ni wa zai ambace ni?

Ɗanka,
Mudassir